Ƙafa Ashirin Daga Ina?

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna cewa ƙarfen tuta ai fayif ne kawai a tsaye, na ji ku. Jiya ma ɗayanku cewa ya yi in aka ba shi injin walda da fayif guda, kafin a kira Azahar ya gama. Ban tanka ba don bakina da goro. Yau zan tanka. Shekara talatin da ɗoriya ina walda a nan Funtua, har sunan ya bi ni, kowa Idi Mai Walda yake ce mini. Na yi ƙofa, na yi taga, na yi amalanke, na gyara garmar shanu ba adadi. A cikinsu duka babu wanda ya taɓa sa ni zufar tsoro irin wannan fayif ɗin da kuke rainawa.

Na farko da na sa wa hannu a shagon maigidana ne, marigayi Malam Garba, wanda asalinsa maƙeri ne kafin ya koma walda. Wata firamare ce ta kawo aikin. Ni ina ta zumuɗi zan kunna inji, sai ya miƙo mini burushin waya ya ce in kankare tsatsa. Kwana biyu ina kankara. Da na gama ya sa aka ɗora fayif ɗin a kan durom biyu, ya ce in durƙusa a ƙarshensa in rufe ido ɗaya, shi kuma yana mirgina shi a hankali. Ya ce me na gani? Na ce ban ga komai ba. Ya talle mini ƙeya ya ce in sake dubawa. Ashe akwai ɗan lanƙwasa a tsakiya, bai fi faɗin yatsa ba. A ƙasa ba ya nuna kansa, amma in aka tayar da shi sama, duk wanda ya wuce ta bakin titi sai ya ga ƙarfen ya yi doro. Da guduma da guntun katako muka miƙe shi, kaɗan-kaɗan, muna bugawa muna sake dubawa har la'asar.

Sannan aka zo kan kai. Dole a toshe bakin fayif da faifan ƙarfe a liƙe shi ruf, don in ruwan sama ya samu hanya, ta ciki zai ci ƙarfen, kana ganin fenti fes a waje alhali ciki ya zama gari. A ƙarƙashin murfin ake liƙa 'yar tayar da igiya ke bi ta kai. Malam Garba da boris ɗin babur yake haɗa tasa, ya yi mata kumatu biyu don kada igiya ta zame ta maƙale. Ku tuna, ranar da igiya ta maƙale a can sama, wani ne zai hau, kuma a makaranta wanda za a tura ɗan mutane ne.

Amma duk wannan kwalliya ce. Aikin yana gindi. Ƙafa huɗu na ƙasan fayif ɗin ba na ido ba ne, na rami ne. Mukan shafe su da baƙin kwalta saboda danshi, sannan mu gicciya guntayen rodi mu liƙe, layi huɗu, tsakanin kowane layi da na gaba ƙafa ɗaya. Su ne ke kama kankare, su hana ƙarfen juyawa ko tumɓukewa. Malam Garba kuwa bai taɓa barin wani ya kafa masa ƙarfe ba. Ko a Mahuta aikin yake, sai ya bi motar da ta ɗauki ƙarfen da kansa, ya tsaya a kan ramin, ya riƙe zarensa mai dalma a ƙarshe yana duba miƙewar ƙarfen har birkila ya gama zuba kankare. Haka na gada, haka na yi ta yi, in ban da sau ɗaya.

Abin yana da sunaye, kuma na daɗe da lura cewa kowa da abin da yake gani a jikinsa. Mutanen ofis da Turanci suke kiransa, flagpole, har ka ji masinja na ce masa fulagfol, yana cika baki. Malaman makaranta da masu karanta labarai a rediyo sun fassara shi da sandar tuta. Mu masu walda ƙarfen tuta muke cewa, don mu ƙarfen muke gani. Wani malamin Islamiyya da na yi wa aiki ya ce mini da Larabci sariya ake ce masa, kuma kalmar ce dai ake kiran ginshiƙin masallaci da ita, wannan ta yi mini daɗi. Mutanen ƙauye kuwa, musamman masu shanu, turken tuta suke cewa. A da ina yi musu dariya, ina cewa tuta saniya ce da za a yi mata turke?

Kalmar sandar nan ce mai jawo rikici. Akwai shekarar da aka yi rashin wani babba, rediyo ta ce a sauke tuta zuwa rabin sanda. Da hantsi sai ga masinjan wani ofis a kan keke, wai in ɗauko zarto in zo in rage musu ƙarfe ya koma rabi. Na ce masa ya koma ya sassauta igiya, tutar ce za ta sauko tsakiya, ƙarfen bai yi laifin komai ba. Ya tsaya yana kallona kamar na raina masa aike. Wannan ta ƙare da dariya. Wadda zan gaya muku ba ta dariya ba ce.

Shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone ce. Wata da watanni babu wuta, ga man fetur ya yi wuya, janaretata kuma tsohuwa, in ta tashi yau gobe sai lallashi. Aiki ya taru, masu ƙofofi suna zuwa suna zagina a fakaice. Garin sauri na riƙa ɗosa walda ba gilashi, idanuna suka kumbura suka yi jawur, in na kalli rana kamar an watsa mini yashi. A cikin wannan hali Malam Habibu ya zo, hedimastan wata firamare a wani ƙauye bayan Ƙarfi. Mutum ne siriri mai tsabta, ga biro uku a aljihun gaba. Ya zaro takarda daga ofishinsu ya karanta da Turanci, sannan ya fassara mini.

Ya ce, “Malam Idi, sandar tuta ake so, mai ƙafa ashirin. Masu duba makarantu za su zo, kuma da tef suke yawo.”

Na ce, “An gama, Malam.”

Ga inda na yi kuskure, kuma nawa ne, ban raba shi da kowa ba. Da ya ce sanda, sai kaina ya auna sanda. In mutum ya ce a yanko masa sanda mai ƙafa biyar, daga kai zuwa gindi ake aunawa, babu wani ɓangare nata da ke ɓoye. Na yanka ƙafa ashirin cif, na shafe huɗu na ƙasa da kwalta, na gicciya rodina. Ita kuwa takardar tsayin da zai tashi daga ƙasa take nufi. Tambaya ɗaya ce ta rage in yi: ƙafa ashirin daga ina? Ban yi ba. Ranar ɗauka kuma idanuna sun matsa, ga janareta ta tashi ba na son ta mutu a banza. Na sa aka ɗaure ƙarfen a kan a-kori-kura, na ce wa direba ya gaya wa Malam a binne baƙin duka. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, Allah masani. Na koma kan ƙofofin mutane na manta.

An yi kamar wata biyu. Ruwan farko ya sauka, manoma sun fara kawo garmuna gyara. Wata ranar Laraba da hantsi sai ga Alhaji Bello da bakin garmarsa a buhu. Dattijo ne mai shanun noma a wannan ƙauyen, shi ne kuma shugaban iyayen yara na makarantar. Muka gaisa, na duba garmar, yana zaune a kan bencin nan da kuke kai.

Ya ce, “Malam Idi, ai mun ga aikinka. Turken nan ya yi kyau, tun daga bakin rafi ake hango shi. Kuma dabarar tsanin nan ta burge ni.”

Na ce, “Wane tsani, Alhaji?”

“Matakalar da ka yi a gindi mana. Hawa uku. Yara sun samu abin wasa, in an fito tara har layi suke, wannan ya hau ya yi lilo, wancan ya hau.”

Na ajiye gudumar da ke hannuna. Na ce, “Alhaji, matakalar nan, ƙarfen wurin wane launi ne?”

Ya ce, “Baƙi. Daga sama ne ya yi fari da kore.”

Ni ban yi wa kowa tsani ba. Rodin da ya kamata su kwanta a cikin kankare su ne yara ke takawa. In layi uku suna waje, to abin da ke cikin ƙasa bai fi ƙafa ɗaya da 'yan kai ba, ga ƙafa goma sha tara na ƙarfe a sama, ga tuta tana kama iska. Ƙasar rani ce ta riƙe shi duk kwanakin nan, don ta bushe kamar dutse. Yanzu kuwa ruwa ya jiƙa ta.

Alhaji Bello ya ƙara da cewa, “Shekaranjiya ma da aka yi iska na ga yana ɗan rusuna mana. Na ce turken Malam Idi akwai ladabi.”

Na lalubo waya na kira Malam Habibu, ba ta shiga ba. A ƙauyen sai mutum ya hau tudu yake samun sabis. Na ɗaga kai na dubi gabas da jajayen idanuna, sai na ga gindin sama ya fara duhu. Ban ko kashe janareta ba, maƙwabcina mai faci na ƙwala wa kira ya kashe. Na ce wa Alhaji ya hau bayan babur. Ya ce garmarsa fa? Na ce garma ba ta kashe kowa.

Ban taɓa gudu a hanyar Malumfashi irin na ranar ba. Hawaye na zuba daga idanuna saboda iska da ciwo, dattijo ya ƙanƙame ni yana salati, yana cewa, “Malam Idi, ina da iyali!” Ni kuwa lissafin lokaci kawai nake. Na san kafin a tashi yara sukan taru a gindin tuta a sauke ta, kuma na san iskar da ke gaban hadarin farkon damina, wadda ke yaye kwanon ɗaki ta ninke shi kamar tabarma. Muka wuce Ƙarfi muka saki kwalta, muka shiga burji, hadarin yana tafe ta hannun damanmu.

Tun daga nesa na hango shi, kuma na ga ya kauce wa tsaye. Ba mai yawa ba, amma idon da Malam Garba ya talle wa ƙeya ba ya ɓata irin wannan. Muka shiga harabar, yara suna aji, filin babu kowa, na ce alhamdu lillahi a fili. Malam Habibu ya fito daga ofis da fara'a.

“A'a, Malam Idi! Ka zo ganin aikinka?”

Na ce, “Na zo kwantar da shi. Malam, wa ya ce a bar baƙin nan a waje?”

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce, “Ni na ce. Takarda ta ce ƙafa ashirin. Ka kawo ashirin, in na binne huɗu saura sha shida. Ƙafa ɗaya ba za a lura ba, huɗu kuwa ko daga bakin hanya za a gani. Gobe masu dubawa za su zo. Ka bari su zo su tafi, jibi ka yi duk abin da za ka yi.”

Na ce ba zai kai gobe ba. Ya ce wata biyu yana tsaye, yau ce zai faɗi don na zo? Raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya, shi ma ya ɗaga, malamai suka fara leƙowa ta taga. Ni da zafin kai, shi da tsoron takarda, da an bar mu da mun kai la'asar muna abu ɗaya. Alhaji Bello ne ya shiga tsakani. Bai yi hayaniya ba, sandarsa ta kiwo kawai ya soka a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan, ta tsaya.

Ya ce, “Malam, wannan ita ce sanda. Ka ga ta tsaya ko?” Ya sa ɗan yatsa ya ture ta, ta faɗi. “Wancan kuwa turke ne. Ni ban yi boko ba, amma na san turke ba a auna shi da abin da ke waje. Ka taɓa ganin na ɗaure bijimi a turken da na soka da hannu? Iskar da ke tafe ta fi bijimina ƙarfi.”

Malam Habibu ya dubi sandar a ƙasa, ya dubi ƙarfen. Na ce ya zo ya gani da idonsa. Na dafa ƙarfen da hannu ɗaya na tura, ba da ƙarfi ba. Dunƙulen simintin da ke gindin, wanda bai fi tukunyar miya girma ba, ya ɗago daga ƙasa ta gefe guda, ruwa ya yi ƙululu a ƙarƙashinsa, sannan ya koma. Malam ya ja da baya.

Ya juya ya ce wa malamai, “Kada a kaɗa ƙararrawa. Kada yaro ko ɗaya ya fito, a rufe ƙofofi.”

Alhaji ya aika gidansa aka kwaso igiyoyin shanu, aka kira mutanen da ke zaune a inuwar masallaci, muka samu kamar mutum takwas da gwafa biyu na rumfa. Na sauke tutar na ba Malam ya ninke. Na hau tebur na ɗaura igiya uku iya inda hannuna ya kai, na raba mutane biyu-biyu a kowace igiya, sauran biyun na ba su gwafa, na ce za mu kwantar da shi yamma, wajen filin da babu gini, masu gwafa su tare shi in ya sunkuyo. Muka fara saki kaɗan-kaɗan. Ya yi rabin hanya lafiya lau.

Sai iskar ta iso. Ba ta yi sallama ba, gaba ɗaya ta zo da ganye da ledoji da ƙasa, kwanon azuzuwa ya ɗauki ƙara. Ƙarfen ya fizge, igiya ɗaya ta zame daga hannun mutane, gwafa ta karye. Na yi ihu kowa ya saki ya kauce. Gindin ya tumɓuke da simintinsa, ƙarfen ya juya ya bar inda muka nufa da shi, ya faɗi da wata ƙara da na ji ta har cikin haƙorana.

Na bi mutane da ido ina ƙirgawa. Takwas, da Alhaji, da Malam, da ni. Kowa a tsaye, babu ko ƙwarzane, in ban da tafin hannun wani da igiya ta goge. Na zauna a kan teburin nan ina maimaita alhamdu lillahi, ban san sau nawa ba. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokacin ba. Ruwa ya ɓarke, yara suka cika tagogi suna ihun murna, su a ganinsu wasa ake yi.

Ƙarfen ya kwanta ne a kan wasu duwatsu da aka jera aka shafa wa farar ƙasa, ya bi layinsu tiryan-tiryan, har ya raba na farkon gida biyu. Malam Habibu ya tako a cikin ruwan, tuta a ƙarƙashin hammatarsa, ya tsaya a kan dutsen da ya fashe. Na ce masa ya shiga daga ciki kada ya jiƙe. Kamar bai ji ba.

Ya ce, “Layin 'yan aji ɗaya ne wannan. Saura minti goma in sa a kaɗa ƙararrawa.” Ya nuna dutsen da ƙafa. “Ɗiyata nan take tsayawa. Ita ce ƙarama, kullum ita ke gaba.”

Na matsa na ce masa laifin nawa ne, ni ne ban yi tambaya ba, ni ne ban biyo aikina ba. Na ce gobe da sassafe zan zo da janareta da ƙarin fayif mai kauri in yi masa gindi, ya samu ashirin ɗinsa a sama cif, masu tef su auna har su gaji. Ramin kawai nake so a haƙa mini kafin in iso.

Ya miƙa wa Alhaji tutar, ya shiga sito ya fito da diga. Ya cire birukan nan uku ya ajiye a bakin taga, ya naɗe hannun riga, ruwa na dukansa.

Ya ce, “Ƙafa nawa ka ce?”

Na ce, “Huɗu, Malam.”

Ya ɗaga digar ya ce, “Biyar zan haƙa.”